Wanda Ya Gyara Ƙafar Akuya

Da safiyar Litinin Anti, mai ƙaramin kamfanin katun, ta buɗe ɗakin aikinsu ta tarar da kwamfutar tana ta hura iska, allon kuwa ya tsaya cak a kan wani jan rubutu. Tun yammacin Juma'a ta bar ta tana renda, wato tana ɗaukar zanen katun ɗin da suka yi tana fitar da shi hoto bayan hoto, da haskensa da inuwarsa. Ya kamata a ce ta gama. Ko rabi ba ta kai ba, ga shi gobe da yamma gidan talabijin ke jiran fim ɗin. Sun riga sun faɗa mata ƙiri-ƙiri cewa in bai iso ba, wani kamfani za su ba filin yara na bana.

Ta kira Injiniya, mutumin da ya haɗa musu mashin ɗin. Ya kwance murfin gefe, ya haska da wayarsa, ya daɗe yana kallo kafin ya ɗago.

"Anti, wannan ba katinki ba ne. An canza shi."

Katin hoto shi ne ke ɗaukar nauyin renda, kuma shi kaɗai ne abu mai tsada a duk ɗakin. Anti ba mace ba ce mai zama ta rafka tagumi. Ta kulle ƙofa, ta ce kada wanda ya taɓa komai, ta wuce ofishin 'yan sanda.

Sufeton da ya biyo ta dattijo ne mai furfura a gashin baki, wanda ko wayarsa 'yarsa ce ke saita masa. Bai ɓoye ba. Ya ce shi bai san kwamfuta ba, ɓarayi ya sani. Ya duba ƙofa da taga, babu inda aka ɓalle. Mabuɗan ɗakin uku ne: na Anti, na Dogo mai sa zane ya yi motsi, da na Mai Sauti, wadda ke haɗa murya da kiɗa.

Sufeto ya fara da Injiniya, domin shi ya fi kowa sanin darajar abin da ya ɓace. Ya ce ya ba shi labarin mashin ɗin tun daga farko.

Injiniya ya gyara tsayuwa, don an taɓo masa inda yake so. Ya ce da Anti ta zo masa, abin da ke hannunta bai taka kara ya karya ba, sai suka zauna suka zaɓi inda za a tsuke da inda ba za a tsuke ba. Akwatin, na gwanjo ne, ga loɓawarsa nan a gefe. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar mashin, ta hannu ce, tsohuwar yayi, amma tana aikinta. Fitilun ado ko ɗaya bai sa ba. Abin rarraba wuta kuwa mai kyau ya saya, saboda na banza in ya tashi ƙonewa da kowa yake tafiya. Duk sauran kuɗin ya zuba a kati mai babban memori, wato mai faɗin ciki, domin akwai wurin kasuwa a fim ɗin, cike da mutane da dabbobi da rumfuna, kuma dole su shiga cikin katin gaba ɗaya a lokaci guda. Wannan da aka bari, kamarsu ɗaya a ido, fanka biyu, baƙin jiki, sai dai memorinsa kaɗan ne. Ya yi ta lallaɓawa a wurare marasa nauyi, da ya iso kasuwa ya shaƙe.

"To kai me zai hana ka ɗauka?" in ji Sufeto.

"Yallaɓai, ba ni da mabuɗi. Kuma ba a cire kati sai an kashe mashin. Wanda ya cire ya sake kunnawa, ya sake tayar da renda. Ni haɗa ƙarfe na iya, manhajar zanensu ko ƙofarta ban sani ba."

Anti ta tabbatar da haka. Ta ce sau ɗaya ya gwada taɓa manhajar, ya goge wa jakin fim ɗin kai.

Bayanin maigadin ginin bai ɗauki lokaci ba. Dama Anti ta sa shi ya riƙa kasa kunne ta taga, in ya ji mashin ya yi shiru ya kira ta. Ya ce ranar Asabar da rana ya je cin abinci, da ya dawo sai ya ji ƙarar ta ragu, ya ɗauka gajiya ce. Bai ga kowa ba. Sufeto ya gyaɗa kai. Ɓarawon waje da ya kwashe katin ya ƙara gaba. Wanda ya tsaya ya sa wani a gurbinsa don kada ƙara ta ɗauke, ya san da zancen kasa kunnen, kuma 'yan ɗakin kaɗai suka sani.

Saura mutum biyu, kuma dukansu sun iya tayar da renda.

Mai Sauti ta shigo a fusace, tana cewa ita da ta wuni a asibiti wajen mahaifiyarta ranar Asabar, yanzu kuma ita ake tuhuma. Sufeto ya bar ta ta fitar da abin da ke cikinta, sannan ya tambaye ta yadda suka rabu ranar Juma'a. Ta ce da rigima, kamar kullum. A farkon fim ɗin akwai inda akuya ke tsallake kwata, ƙafarta ta baya tana nutsewa cikin ƙasa. Dogo ya nace sai an gyara, Anti ta ce babu lokaci, yara ba za su lura ba. Har mashin ya fara aiki yana ta ƙunƙuni. Ita dai, in ji ta, da ƙafar ta nutse da ta tashi sama, kukan akuyar ne nata.

Dogo ya shigo a natse, ya gaishe da Sufeto da ladabi. Anti ce ta koya masa aikin tun bai san riƙe alƙalamin zane ba, yanzu kuwa ya fi ta hannu, ita ma ba ta musun hakan. Ya ce Asabar a gida ya wuni, yana rama barci. Sai ya rage murya.

"Yallaɓai, ba sharri ba, amma wa ya taɓa buɗe akwatin nan ya duba? Ƙila tun farko ƙaramin katin aka sa mana."

Injiniya ya yi tsalle kamar ya taka wuta. Sufeto ya ɗaga masa hannu, ya juya ga Anti. Ta ce a makon jiya sun gwada wurin kasuwar, ya fita lafiya lau. Zancen ya mutu a nan, amma Sufeto ya lura da wanda ya kawo shi.

Ya ja kujera ya ce a nuna masa abin da mashin ɗin ya samu ya fitar. Anti ta ƙosa, lokaci na tafiya, ga dattijo ya zauna kallon katun har da murmushi. Ta danne zuciyarta ta kunna. Akuya ta fito, ta ruga, ta tsallake kwata, ta dira. Ya ce a mayar baya. Ta sake tsallakewa.

"Wace ƙafar ce ke nutsewa? Idona ba shi da ƙarfi."

Anti ta matso da fuskarta jikin allon, ta tsayar da hoton. Kofaton akuyar na nan a kan ƙasa daram, har da 'yar ƙura da ya tayar. Ta nuna masa da yatsa, ta ce an gyara.

Sufeto ya miƙe ya yi bayani dalla-dalla. Ranar Juma'a an tayar da renda da ƙafar a nutse, kowa ya shaida, kuma wurin a farkon fim yake, mashin ya wuce shi tun daren. Ba yadda za a yi ya fito a gyare sai in wani ya buɗe zanen bayan nan, ya gyara, ya koma baya ya sake fitar da shi. Ɓarawon da ke sauri ya ci gaba daga inda aka tsaya zai yi, ya fice. Wannan kuwa, da katin sata a jakarsa, maigadi na iya dawowa kowane lokaci, ya zauna yana gyaran kofato. Injiniya bai iya ba. Mai Sauti ba ruwanta. Mutum ɗaya ne ƙafar nan ta hana sukuni.

Dogo ya yi tsuru-tsuru. Ya zauna a bakin tebur ya ce shi ba sata ya yi niyya ba. Wani aikin talla ya karɓa a ɓoye, nasa ƙaramin katin ya kasa ɗauka, sai ya ce bari ya ari na Anti na kwana biyu, ya sa nasa a gurbinsa, ya mayar da asubahin Litinin kafin kowa ya zo. Ya ɗauka ƙaramin zai yi ta ja a hankali, bai yi zaton zai kai kasuwa ba. Aikin nasa kuma ya ƙi ƙarewa. Ƙafar kuwa, da ya zauna zai tayar da renda ya gan ta, zuciyarsa ta kasa bari.

"Aro ba a yin sa a ɓoye," in ji Sufeto. "Kuma mai aro ba ya shafa wa wani. Tashi mu je."

A ɗakinsa suka sami katin, yana ta aiki cikin kwamfutar da aka bar ta a buɗe a kan tabarma. Tallan ya kusa ƙarewa. Dogo ya roƙi Anti ta ba shi ko awa ɗaya, ya ce in aka katse yanzu ya yi asarar aikin. Ta dube shi, ranta ya ɓaci ƙwarai, domin tana ƙaunarsa kamar ƙanin da suka fito ciki ɗaya. Ta sunkuya ta kashe mashin ɗin da hannunta, ta ce wa Injiniya ya cire mata kayanta.

Kafin azahar katin ya koma gurbinsa. Injiniya ya ce in wuta ba ta yi musu tsiya ba, za a gama gobe, amma da ƙyar. Sufeto zai wuce da Dogo ofis ya ba da bayani, Anti ta ce za ta biyo baya in ta miƙa fim. A bakin ƙofa Dogo ya juyo, murya ƙasa-ƙasa, ya tambaya ko za ta mayar da ƙafar yadda take.

"A'a, gyaran ya yi kyau," in ji ta. "Kai na yi niyyar ba wa fim na gaba gaba ɗayansa. Jira nake mu miƙa wannan in faɗa maka."

Sufeto ya tasa shi gaba.

Anti ta tayar da renda daga kasuwa. Fanka ta ɗauki ƙara, rumfar farko ta fito, sai mai tumatir, sai taron jama'a gaba ɗaya. Ba ta koma gida ba, nan ta ci, nan ta yi salla, Mai Sauti na kawo mata ruwa. Washegari da la'asar hoton ƙarshe ya fita. Ta duba jerin waɗanda suka yi aikin, ta ga sunan Dogo a inda yake, ta bar shi. Ta kwafe fim ɗin, ta sa a jaka, ta ce wa Mai Sauti ta nemo mai gyaran kwaɗo ya canza na ƙofar kafin ta dawo.