Auta da Igiyar Shanya

Auta yarinya ce mai kaifin kai, shi ya sa malamin lissafi ya zaɓe ta ta wakilci ajinsu a gasa. Sai dai gaggawa ta yi mata yawa.

Ranar nan Malam ya zana kibiya biyu a allo. Ɗaya ta nufi gabas, taku uku. Ɗaya ta nufi arewa, taku huɗu.

Ya ce, "Ku haɗa su da zane, ku gaya mini nisan mutumin da ya yi wannan tafiya daga inda ya tashi."

Auta ko rula ba ta taɓa ba. Ta rubuta bakwai, ta riga kowa miƙawa.

Malam ya ja mata jan biro. "Ina zanen? Gobe ki fito gaban allo. In kin sake faɗuwa, wani zan tura gasar."

Ta koma gida tana kumbure-kumbure. Kakarta, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, tana kwashe shanya.

"'Yar boko, wa ya mutu?"

Auta ta kwashe labari ta gaya mata. "Kaka, uku da huɗu ba bakwai ba ne?"

"In ƙwai ake ƙirgawa. Tashi ki taka in gani."

Auta ta tsaya a gindin randa, ta yi taku uku gabas. Sai ta juya za ta koma ta faro na arewa.

"Ina za ki? Kin taɓa ganin matafiyi ya koma gida kafin ya sha kwana? Ɗora daga inda kika tsaya."

Ta ɗora, taku huɗu arewa. Kaka ta kunce igiyar shanya, ta miƙe ta daga randa zuwa ƙafar Auta.

"Auna."

Ta auna. Taku biyar cif.

"Sauran biyun fa, Kaka?"

"Zagaye ya cinye su."

Washegari Auta ta ɗauki rula da alli. Ta kafa gindin kibiya ta biyu a tsinin ta farko. Ta ja kibiya ta uku daga mafari zuwa ƙarshe, ta auna a natse.

"Biyar ne, Malam, tsakanin gabas da arewa."

"Wa ya koya miki?"

"Kakata."

"A wace makaranta ta yi karatu?"

"A tsakar gida."

Aji ya kwashe da dariya, aka hau tafi. Malam ya ce, "Shirya, ke za ki gasar."

Tun daga ranar Auta ba ta ƙara ba da amsar da ba ta auna ba. Ku ma, yara, ku auna kafin ku amsa.