Bugu Uku Kafin a Ɗaga Labule

"An sallame mu, Nahla," Basim ya faɗa yana kallon ƙasa. "Mai gidan wasan ya ce na Juma'a da la'asar shi ne na ƙarshe."

"Kwana goma sha ɗaya kacal? Jiya fa a tsaye mutane suka yi ta tafi..."

"Ɗakin biki zai mai da wurin. Wai amare sun fi waƙa kasuwa."

Na zauna a kan akwatin tufafin wasa. Babana Fikri, wanda ake kira Usta, wato gwani a sana'arsa, shi ya gindaya sharaɗi: ranar da wasan waƙar da Basim ya rubuta, ni kuma nake rerawa, ya cika kwana arba'in a dandali, ranar zai ba shi aurena. Baba kuwa kaifi ɗaya ne. Shekara talatin ya yi yana buga sandar nan da ake bugawa sau uku kafin a ɗaga labule, amma tun rasuwar mahaifiyata, wadda ita ma mawaƙiya ce, ya jingine sandar a bayan ƙofa bai sake taka gidan wasa ba.

Na same shi yana dangwalar wake da gurasa.

"Baba, za a rufe wasan."

"Na ji a gidan shayi. Sha ɗaya ba arba'in ba ne, 'yar nan."

"To laifinsa ne?"

"Uwarki ma ba laifinta ba ne, amma sau nawa muka ɗora tukunya babu komai a ciki?"

"Ka dai zo ka ji ni, ko sau ɗaya..."

Ya ci gaba da tauna kamar da bango nake magana. Na fita ina hawaye. Ina son tsohon nan, amma ranar taurin kansa ya kai ni wuya.

Ranar Juma'a ɗakin ya cika maƙil. A bayan labule Basim ya raɗa min, "Ko an rufe dandali, ni ina nan, rabin raina." Na tsaya a wurina ina jiran ƙararrawar lantarki, don mu ita muke kaɗawa.

Sai na ji sanda ta daki katako. Ɗaya. Biyu. Shiru.

A duk Alƙahira mutum ɗaya ne ke jinkirta bugu na uku. A da, ba ya sauke shi sai mahaifiyata ta waiwayo ta gyaɗa masa kai, alamar ta shirya. Na waiwaya. Ga Baba a gefe cikin jallabiyarsa mai ruwan toka, sanda a ɗage, idonsa a kaina.

Na gyaɗa kai. Ya buga.

Ban taɓa waƙa irin ta ranar ba.

Da aka tashi ya yafito Basim da sandar. "Kai, mai kiɗa, waƙarka ta biyu ta cika tsayi."

"Za a gyara, Usta."

"Gyara, ka kuma nemo wani dandalin. Saura kwana ashirin da tara."

Na ce, "Haba Baba..."

"Wa ya sa bakinki?" Ya share ido da hannun riga. "Ka kawo iyayenka ranar Litinin a karanta Fatihar baiko. Ashirin da taran nan kuwa, kada wanda ya sake kaɗa wa 'yata ƙararrawa. Ni zan buga."