Murɗin da Bai Kai Ba

Da hantsin Asabar Modris ya tsinci Haralds kwance rubda-ciki a kan hanyar tarakta, cikin kurmin da ke gabas da garin Gulbene. Jini ya jiƙa ƙanƙarar da ke gefen kafaɗarsa ta hagu. Yana numfashi, amma duk kiran da aka yi masa bai motsa ba.

Haralds shi ne shugaban ƙungiyar mafarautan yankin. Su huɗu suka fita ranar: shi da Modris da Uldis da Raitis. Da sassafe Uldis ya kayar da barewa, suka jawo ta bukkar ƙungiya suka feɗe, sannan kowa ya kama gabansa na ɗan lokaci. A cikin wannan lokacin aka yi harbin.

Insifeto Zaiga Purmale ta iso bayan motar asibiti ta tafi. Shekararta biyu a sashen bincike, kuma yawancin aikinta satar keke ne da faɗan mashaya. Ta tsuguna inda jinin yake. Mafarautan uku suna tsaye a bayanta. Ta san ɗaya cikinsu ya auna mutum kamar yadda ake auna dabba, ga shi kuma ta ba su baya. Ta miƙe da sauri fiye da yadda ta yi niyya.

A cikin bukka ta kira su ɗaya bayan ɗaya.

"Kare na fita nema," in ji Modris, wani ƙato mai jan gemu. "Shegen kare, ya fi ni son daji. Na ji wani abu ya ce tas, kamar an karya reshe. Da salansa, abin rage ƙarar nan, a bakin bindiga, wa zai gane daga ina?"

Raitis, wanda ke yi wa baƙin mafarauta jagora ana biyansa, ya ce itace ya je sarowa. Ya yi maganarsa a natse, har ya tura mata kofin shayi. Ba ta sha ba.

Uldis ne ya shigo a ƙarshe. Ya ce rafi ya je ɗebo ruwa.

"Bindigarka fa?"

"Tana cikin mota. Wa ke kulle mota a nan?"

"Harsashi nawa ka fito da shi?"

"Biyar. Ɗaya na harba."

Suka je motar. Harsashi uku kacal suka tarar a aljihun rigarsa da ke kan kujera. Bindigar tana kwance, salansa a bakinta. Uldis ya ja da baya.

"Ni na kwance ta! Insifeto, ina gama harbi nake kwancewa, don kada gumi ya koma cikin bututu ya yi tsatsa. Tambayi kowa, har tsiya suke mini a kai."

Harsashin da likita ya ciro daga kafaɗar Haralds irin na bindigar Uldis ne, kuma shi kaɗai ke da irinta a cikinsu. Aka tsare shi. Masu binciken yatsu ba su sami komai ba sai nasa, domin a sanyin nan kowa da safar hannu yake.

Ran Litinin Zaiga ta je asibiti. Haralds bai farfaɗo ba, amma likita ya ce yau ko gobe zai iya buɗe ido. Matarsa Biruta tana zaune a bakin gado, idanunta sun kumbura.

"Ya gaya mini ya ga wani cikinsu yana harbin dabbar da doka ta hana," in ji ta. "Ya ce zai faɗi sunan a taron Lahadi, a karɓe masa lasisi. Bai gaya mini ko wane ne ba."

Ta share hanci, ta ƙara da cewa, "Ni dai na gaji, ɗiyata. Modris da Raitis sun ce daga yau za su riƙa karɓa-karɓa suna zama da shi, in samu in runtsa."

A farfajiyar asibitin shugaban Zaiga ya kira ta a waya. Ya ce tunda mai laifi yana hannu, ɗan sandan da ke gadin ƙofar Haralds zai tashi da ƙarfe shida, ana bukatarsa wani wuri. Zaiga ta dubi agogo. Ɗaya da kwata. In Uldis gaskiya ya faɗa, to daga ƙarfe shida za a miƙa Haralds ga wanda ya harbe shi, a ɗaki, ba kowa.

Ta ɗauko bindigar Uldis daga ofis yadda aka same ta, ta kai shagon Vilis, tsohon mai gyaran bindiga da ke bayan tashar jirgin ƙasa.

Vilis ya sa tabarau. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya zura farcensa tsakanin salansar da kafaɗar bututun. Farcen ya shige.

"Wa ya ɗaura wannan?"

"Abin da na zo tambaya ke nan, Baba Vilis."

"To ba Uldis ba ne. Zauna, 'yata, in nuna miki."

Ya ɗauko salansa biyu daga kan tebur. Ya ce hanyar ɗaurawa iri biyu ce. Akwai ta murɗi, wadda ake murɗawa kai tsaye a kan zaren bututu har ta zauna daram. Tana cin lokaci, amma kullum wuri ɗaya take zama, harsashi ma wuri ɗaya yake faɗawa. Akwai kuma ta gaggawa, mai makulli. Ana sa ta, a ɗan juya, da ta yi tauri shi ke nan ta kama.

"Masu shiga mota su fita sau goma a rana ita suke so. Ni dai ta murɗi nake ɗaura wa mutanena. Wannan ta Uldis murɗi goma sha ɗaya take ci. Amma zaren ya tara dattin albarushi, a na huɗu takan cije. Shekara biyu ina ce masa ya wanke, malalacin banza. Shi ya san ta, yakan danna ya wuce."

Ya juyo bakin salansar wajen fitila. A gefen ramin akwai wani ɗan karce mai ƙyalli.

"An tsaya a na huɗu. Ta ɗan sunkuya, harsashi ya goge ta yana fita, ya kauce. Mai harbin nan ƙirji ya auna."

"Modris da Raitis wace iri suke amfani da ita?"

"Oho. 'Yan zamani ne, daga Riga suke saye, ba sa kawo mini."

Zaiga ta ɗauki hoton yadda take, ta sa Vilis ya kwance ta, ya tabbatar babu harsashi a bindigar. Sannan ta kira mutanen biyu, ta ce tana bukatar shaida a kan kayan Uldis.

Modris ya fara zuwa, da ƙarfe huɗu. Ta ce ya ɗaura salansar, ta ga yadda ake yi. Ya murɗa, ya murɗa, ta cije.

"Kai, Uldis ƙazami! Tsoho, ba ka da mai ne a shagon nan, ko rowar ce?"

"Na sayarwa ne," in ji Vilis.

Modris ya tattara ƙarfi ya ci gaba da murɗawa har ta zauna. Ya leƙa, ya ƙara matsawa. "Tawa ma haka take yi in na yi sakaci. In ba ta taɓa kafaɗa ba, ban yarda da ita ba." Ta sallame shi, Vilis ya sake kwance salansar.

Raitis bai iso ba sai biyar da rabi. Yana riƙe da ledar lemo, ya ce daga nan asibiti zai wuce, yau shi ke da zama. Zaiga ta miƙa masa bindigar. Duk da ta san babu komai a ciki, idonta bai bar akwatunan harsashin da ke jere a kan kanta, kusa da gwiwar hannunsa ba.

Ya ɗora salansar. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta yi tauri. Ya ɗan girgiza ta da yatsu biyu, kamar mai tabbatar da makulli ya kama, ya ɗago.

"Ga ta. Shi ke nan?"

"Ta ɗauru?"

"Ta kama mana."

Vilis ya miƙo hannu a hankali ya zura farcensa. Ya shige.

Zaiga ta ajiye hoton a kan tebur. Ta yi magana daki-daki.

"Uldis ya kwance ta bayan ya harbi barewa. Wani ya ɗauki bindigarsa don laifin ya hau kansa, ya mayar da salansar don kada a gane inda ƙarar ta fito. Uldis ba zai tsaya a na huɗu ba, kayansa ne. Modris ma bai tsaya ba, irinta yake da ita. Mutum ɗaya ne hannunsa ya saba cewa in ta yi tauri ta kama. Taka mai makulli ce, ko ba haka ba?"

Bindigar tana hannun Raitis har yanzu, bakinta na kallon ƙasa tsakanin ƙafafun Zaiga. Zaiga ta kai hannu kan tata da ke ƙugu.

Vilis ne ya yi magana, a tausashe, kamar mai koya wa ɗalibi. Ya nuna karcen.

"Duba nan, ɗana. Saura murɗi bakwai. Harsashin ya goge ta."

Raitis ya sunkuya. Ya daɗe yana kallon ɗan karcen nan. Fuskarsa ta saki, irin ta mutumin da tambaya ta hana shi barci kwana biyu, yanzu ya sami amsa.

"Ashe shi ya sa," ya ce a hankali. "Taki tamanin kacal. Ni ban taɓa kuskure a taki tamanin ba."

Sai da ya ji abin da bakinsa ya faɗa sannan ya ɗago. Vilis ya zare bindigar daga hannunsa. Zaiga ta sa masa ankwa.

Shida saura kwata ta kira Biruta.

"Mama, yau ba mai zuwa ya karɓe ki."

"To wa zai zauna da shi? Ni kam ba zan iya ba."

Zaiga ta jingina da bango.

"Je ki gida ki kwanta," ta ce. "Zan sa a saki Uldis. Shi zai zauna."