Kafintar Cikin Gida

"Hajiya ta ce sai kin ajiye injin nan, Haula... in ba haka ba, kada in ƙara kawo mata zancenki."

Ina tsaye a rumfar Baba da ke bakin kasuwar Nguru, injin huda a hannuna, garin katako har gira. Yaya Suhaib, mai neman aurena, ya isar da saƙon mahaifiyarsa ne kansa a ƙasa.

"Kai fa, me ka ce mata?"

"Me zan ce, Haulatuna? Ni na sa miki shi a hannu."

Hawaye ya zo mini, na juya baya don kada ya gani. Ina son mutumin nan, son da ko Baba ya gaji da yi mini tsiya a kansa. Amma injin nan shi ke riƙe da gidanmu tun da yanar ido ta fara rufe ganin Baba, ga shi Allah bai ba shi ɗa namiji ba.

Yaya Suhaib ɗan Gashua ne, yana kula da shagon kayan gini da mahaifinsa ya bari, duk ranar kasuwa yakan kawo wa Baba ƙusa da fenti. Shi ya fara zuwa mana da injin daga Kano, ba waya, sai batir da ake cusawa a gindinsa. Baba ya shafa shi ya ce kayan wasan yara ne. Ni kuwa na ƙyalla ido.

Da yamma yake koya mini, Baba na gefe a kan tabarma yana jan carbi, kunne ɗaya a wajenmu. Bai taɓa kama hannuna ba, da fensir yake nuni.

"Miƙe shi sosai. Kada ki danne, ki bar shi ya ci da kansa."

"Haka?"

"Haka, sarauniya. Fara a hankali, sai ya kama sannan ki ƙara wuta."

Hasken la'asar yana ratsowa ta hujin kwano, garin katako yana yawo a cikinsa a hankali, ni kuma rabin karatun muryarsa kawai nake saurare. Sauran rabin dai ya zauna. Kafin shekara ta zagayo, duk gidan da maza ba sa shiga a Nguru, ni ake aika wa. Labulen amare, madubi, maratayin kwanuka, duk ni ce.

To, ashe ana kai rahotona Gashua. Adawiyya, 'yar ƙanwar Hajiya Larai mahaifiyarsa, a gidan ta tashi, kuma ta daɗe da ɗinka wa kanta kayan amarcin Yaya Suhaib a zuci. Ita ta gaya wa Hajiya cewa ina hawa kujera a gidajen mutane ba mayafi.

Ranar da ya kawo saƙon Hajiya, haka muka rabu. Ya tafi, kasuwa ta ci ta sake ci, ban gan shi ba. Abinci ya daina yi mini daɗi.

Rannan da hantsi wayar Baba ta yi ƙara, ya miƙo mini. Adawiyya ce, murya kamar an zuba zuma.

"Hajiya ta zame a banɗaki, ƙugunta ya bugu. Likita ya ce a kafa mata ƙarfen dafawa daga gado zuwa ƙofar banɗakin. Kin san namiji ba ya shiga ɗakinta... tunda ke kafinta ce, sai ki zo."

"Yaya Suhaib fa?"

"Ɗan fari? Ko sunansa ba ta faɗi, shi za ta bari ya gan ta a kwance?"

Na gane tarko ne. So take Hajiya ta gan ni da idonta a bakin aiki, magana ta mutu gaba ɗaya. Na gaya wa Baba ba za ni ba.

"Je ki, uwata," in ji shi. "Ba a fushi da mara lafiya."

Na cika batir biyu da caji tun da sauran wuta, na hau motar Gashua. Damina ta yi nisa, ruwa ya kwanta hagu da dama, shinkafa ta yi kore shar. Masunta na yawo a kan gora, fararen tsuntsaye na tashi suna sauka. Na jingina kai da gilashi ina ganin kaina a wani ɗan ɗaki mai shuɗin labule, ana sallama da muryar da na sani. Sai da yaron mota ya daki ƙofa na dawo hayyacina.

A zauren gidansu na sami Yaya Suhaib. Ya rame. Ya miƙo mini ƙarfen da ya yanka.

"Sannu da hanya," kawai ya iya cewa.

Ɗakin Hajiya cike yake da 'yan dubiya, kuma na san wadda ta tara su. Hajiya na kwance, doguwa, fuska ba wasa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice.

Na ninke mayafina na ajiye. Na tamke ɗankwali, na tura jelarsa ciki, na zare awarwaro, na sa tabarau.

"Kin gani ko, Hajiya?" Adawiyya ta ce. "Abin da nake gaya miki ke nan."

Kunya ta kama ni har tafin ƙafa, amma na daure.

"Hajiya, bakinsa juyawa yake. In ya kama gefen mayafi, naɗewa zai yi har wuya."

Hajiya ta daɗe tana kallona.

"Rabu da ita," ta ce. "Ina yarinya a Haɗeja na ga abin da injin niƙa ya yi da gyalen yayata. Har ta rasu wuyanta bai daina ciwo ba."

Adawiyya ta gyara zama.

Na duba bangon, na ga inda makunnin fitila yake, na kauce wa layinsa don kada in huda waya. Saura awo.

"Hajiya, sai kin tashi tsaye. Ba na son in kafa shi da ka, inda hannunki ya sauka nan ne wurinsa."

"Ba zan iya ba, 'yar nan."

"Za ki iya. Ki sakar mini nauyinki."

Na sa kafaɗata a ƙarƙashin hammatarta. Jikinta na rawa, tana ƙanshin turaren wuta da man zafi. Ta riƙe ni gam, ta miƙa hannu ta dafa bango, na ɗiga alama da fensir. Muka ƙara taku, ta sake dafawa. Haka har ƙofar banɗaki. A nan ta matso da bakinta kunnena.

"Tun da na faɗi, a roba nake komai, a gaban yara," ta ce a hankali. "Shi ya fi ciwon ci mini rai."

Na mayar da ita gado.

Na ɗaura bakin huda bulo, na naɗa masa zare daidai zurfin da nake so. Injin ya ɗauki kukansa, garin siminti na zuba. Na cusa robobin riƙe sukuru a ramukan, na kulle kunamar da ke tayar da injin kafin in canza baki, na rage masa ƙarfi don kada ya cinye kan sukurun. Da na gama, na kama ƙarfen da hannu biyu na rataya da duk nauyina. Ko gezau.

"Bismillah, Hajiya."

Ta kama. Ta tashi. Adawiyya ta taso za ta tallafe ta, ta ɗaga mata hannu. Taku ɗaya, taku biyu, ita kaɗai, har ta shige ta turo ƙofa. Wata tsohuwa a cikin 'yan dubiya ta fara share ido da bakin zani.

Da ta dawo ta zauna a bakin gado, ina haɗa kayana, sai ta ce, "Ke."

"Na'am, Hajiya."

"Ki ce wa mutumin da ke zaure ya daina yi mini sintiri, ina jin takunsa tun ɗazu. Ya je ya sami baffanninsa, su sa ranar zuwa Nguru."

Hannuna ya saki, sukurori suka watse a kan leda.

"Hajiya... injin fa?"

"Wa zai raba ki da shi? Tsince kayanki."

Na same shi a zaure ya jingina da bango, ido jajir. Na faɗa masa saƙon kamar yadda aka ba ni, har da sintirin. Ya zame ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hula.

"Haulatuna... sake faɗa."

Na sake faɗa. Ina dariya, ina kuka, siminti fal a goshina, ban taɓa jin daɗi irin na wannan rana ba.

Bayan sallar layya aka ɗaura auren. Hajiya da ƙafarta ta fito tsakar gida ta karɓe ni.