Gadon Sarkin Ruwa

Inde na tsakar gida tana surfen gero, taɓarya na sauka amma hankalinta na bakin tabki. Uwarta Hajiya ta taɓe baki.

"Ke, hatsi kike surhe ko turmi za ki hwasa? Ɗogon nan dai! Hidda shi daga ranki, Malam ba ya ba ɗan arna ɗiya."

"Inna, yana salla hwa!"

"Salla? Ubanshi Gwamna ne Sarkin Ruwa, da iskoki suke magana!"

Inde ta kai wa Ɗogo maganar nan tana kuka, baiwar Allah ba ta san wuta ta kunna ba.

A Madarumfa ba mai jefa taru a tabki sai ranar da Sarkin Ruwa ya shiga da magajinsa, ya raɗa wa ruwa abin da kakanni suka bar masa, sannan ya raba wa masunta wurare. A shekarar nan Gwamna ya yi niyyar danƙa wa ɗansa asirin, don tsufa ya kama shi. Ɗogo kuwa so ya rufe masa ido. Ranar buɗe tabki ya saka farar riga, ya bar tsoho tsaye cikin ruwa yana waige-waige, ya nufi zauren Malam Sa'idu, mahaifin Inde.

"Malam, na bar gado. Yau ko tabki ban leƙa ba — saboda Inde."

Malam ya ajiye alƙalami. "Wa yac ce ka bari? Ni?"

Malam ya nuna wajen tabki.

"Hayaniyar da kake ji, masunta ne ke dambe, babu mai raba musu ruwa. Yaro, kowane gida da abin da Allah Ya ɗora mishi ya riƙe ma gari: ni allo, sarki shari'a, ku ruwa. Yanka ma iskoki, bar shi, na yarda. Amma ubanka da amanar jama'a? Wanda ya yada su rana guda don yarinya, gobe ɗiyata zai yadawa. Tashi!"

Inde na bayan katanga, ta zame ƙasa tana sharɓar hawaye. Kunya ta hana Ɗogo kwana a garin, ya hau kamyo, babbar motar kaya, ya ƙetare iyaka zuwa Jibiya ko sallama babu.

Shekara uku ba wasiƙa, ba saƙon baki. Inde ta rame, kewa ta cinye ta. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya yi ta zarya da kekensa har ya gaji, Malam bai taɓa matsa mata ba. Kullum da hantsi takan kai wa Gwamna fura, su zauna su biyu suna kallon hanyar Jibiya, ba mai ambaton sunan wanda suke jira. In ƙurar mota ta taso sai tsoho ya gyara zama, ita ta gyara kallabi, motar ta wuce.

"Surukar da ba miji!" Hajiya kan tsokane ta. Inde sai ta yi murmushi, ta shige ɗaki ta yi kukanta.

Sai ga farin shekarar saba'in da uku. Tabki ya janye, yunwa ta sa kowa ya faɗa masa da taru, har 'ya'yan kifi ba a bari. Kumandan mai mulkin yankin ya turo jandarmomi, suna juya baya aka koma. A cikin haka wata safiya Ɗogo ya sauko daga kamyo. Ya ga Inde a bakin rijiya, ta gan shi, guga ya kuɓuce mata. Ya sunkuyar da kai ya wuce, kai tsaye gidan ubansa. Wucewar nan ta yi mata zafi, ta kuma yi mata daɗi.

Ya durƙusa gaban tsohon ya nemi gafara. Washegari ya goyo Gwamna har cikin ruwa, tsoho ya raɗa masa abin da ba wanda ya ji. Ɗogo ya yi bisimilla da ƙarfi, ya hana taɓa ƙananan kifi, ya raba wurare. Mutanen da suka gagari jandarmomi suka naɗe tarunansu ba gardama.

Malam na tsaye a gaɓa. Ya yafito Ɗogo.

"Kawo magabatanka Juma'a. Yanzu na san hannun da zan sa ɗiyata ciki."

Inde ta rufe fuska da mayafi, kuka da dariya suka haɗe mata. Haƙurinta bai faɗi ƙasa ba. Masoya, ku riƙe wannan: duk wanda ya zubar da iyayensa da amanar da ke wuyansa don ya same ki, ke ma bai iya riƙe ki ba.