Ƙyallen da Aka Wanke Bayan Kisa

Da hantsin wata Laraba ta shekarar 1961 aka kira Sufeto Hasse zuwa wani ɗakin buga zane a Düsseldorf. Ottmar Kiesling, mai zanen da jaridu ke ta kurantawa, yana kwance ƙasa, an fasa masa ƙeya tun jiya. Zane-zanensa na rataye a igiya. Ba mutum a ciki, ba itace, sai layuka shuɗɗa da jan da'ira.

"Wannan kuma hoton mene ne?" in ji Sufeto.

"Fasaha ce, yallaɓai," in ji Brühl, dillalin zanen mamacin. "Ba don 'yan sanda aka yi ta ba."

"Ina kake jiya da yamma?"

"Coci."

"Ran Talata? Har yanzu warin cocin naka na tashi a bakinka."

Brühl ya sunkuyar da kai, ya faɗi sunan gidan giyar.

Sufeto ya tsuguna gaban ƙyallen silikin da ake tace fenti ta cikinsa zuwa kan takarda. An wanke shi tas. Ruwan wankin ya gangara ƙasa ya tsinka jinin. Wato bayan kisan aka wanke.

Ya sa aka kira Irmtraud Vogt, matar da ke buga wa Kiesling zanen.

"Tun tsakar rana na tafi," ta ce. "Na bar shi yana zuba ja."

"In aka bar fenti a ƙyalle fa?"

"Sai ya bushe ya toshe shi. Ba ɗan sana'ar da zai tafi bai wanke ba."

"Ko da gawa a gabansa, Frau Vogt?"

Ta nuna jan da'irar da ke jikin zanen.

"Da'irar nan ta yayana Konrad ce," ta ce. "Zamanin 'yan Nazi, Kiesling ne ya kai ƙararsa, wai zanensa ƙazanta ne. Aka ƙone zane-zanen a tsakar gida, Konrad kuma aka tafi da shi, bai dawo ba. Jiya na tambayi Kiesling inda ya samo da'irar. Ya yi dariya, ya ce matacce ba ya sa hannu. Da katakon da ake jan fenti da shi na ba shi amsa."

"Kin yi nadama?"

"Na yi. Da na bar ƙyallen ya bushe."

Ta miƙa hannu da kanta aka sa ankwa. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"Ranar da aka ƙone zanen Konrad, yallaɓai, 'yan sanda ne suka tsare mana ƙofa. Wa ya kama su?"

Hasse ya buɗe mata ƙofar mota.