Ƙarfen da Ya Raka Jatau Gida

Ku rage fitilar nan. Mai dariya ya fita tun yanzu.

A fadamar Gidan Kuka akwai wani mutum-mutumi na ƙarfe da aka kawo don rabon ruwan noman rani. Ba ya son mutane. In ka gaishe shi sai ya ce, "Lafiyata ƙalau kafin ka zo."

Jatau manomin albasa ne. Ranar nan ruwa ba nasa ba ne, na tsohuwa Tabawa ne mai 'yar gonar tumatir. Ya bari magariba ta yi, kowa ya tafi masallaci, ya lallaɓa da fartanya ya karkatar da ruwan zuwa gonarsa.

Yana tsugune aka kira shi. "Jatau."

Muryar mahaifiyarsa ce, ita kuwa ta daɗe a ƙarƙashin ƙasa. Ko ɗan yaye ya san ba a amsa kiran magariba a daji. Shi ya amsa.

Tana tsaye cikin magudana. Ruwa yana wucewa, bai rabe a ƙafafunta ba. Kwaɗi suka yi tsit.

"Zo ka ɗora mini tulu."

Ƙafafunsa suka soma tafiya da kansu. Sai hannun ƙarfe ya damƙi wuyan rigarsa.

"Ba na shiga sabgar iyali," in ji mutum-mutumin, "amma idona ɗumin jiki yake gani. Ga naka, ga na ɓeran can. Ita ko ɗigo."

"Ka cece ni, don Allah."

"Dole ce. An ɗora mini kare ɗan Adam. Na duba ko an cire ɓarayi, ba a cire ba."

Ya tasa shi gaba, shi yana baya. Muryar tana biye, tana kira, har bakin gari. Nan ta tsaya.

"Kada ka gaya wa kowa," in ji Jatau, idonsa a ƙasa.

"Ni da hira da ku?"

Bai kuwa faɗa ba. Da safe zazzaɓi ya kwantar da Jatau. Tabawa, wadda tumatirinta ya kwana da ƙishi, ta dogaro sanda ta kawo masa kunu. "Sannu, ɗan nan. Sha da zafinsa."

Ya juya fuska bango. Kunun ya huce a nan.

Fadama da magariba ba wurin mutum ɗaya ba ce. Ku tashi ku kwanta.